Tarihin Magudanar Haske: Ɗan Abin da Ke Ɗaukar Muryarmu Daga Maraɗi

 Hirarmu ta yau ta tarihi ce, tarihin wani abu da bai kai girman farcen ɗan yatsa ba, wanda galibinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba, alhali dare da rana aikinmu yake yi.

Mu fara da ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi bai fi ƴan kwanaki da kamawa ba. A ranar intanet ya yi nauyi a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har da Nijar. Kun san halinmu idan rezo ya ƙi: wani ya kashe waya ya kunna, wani ya cire pus ya hura masa iska ya mayar, wani ya rantse an cinye masa forfe. Daga baya aka ji ainihin labarin. Igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, ACE, MainOne da SAT-3, su ne suka lalace a tekun da ke gaban Abijan. Kuma ba a ranar aka fara ba. A watan Yulin 2009 ma igiyar SAT-3 ta samu matsala, Benin da Togo da Nijar suka shiga duhu, Najeriya ta rasa mafi yawan intanet ɗinta.

To, me ya haɗa mu da teku, mu da ko Gulbin Maraɗi sai damina muke ganin ruwansa? Ga abin da ya haɗa mu. A ce manomi a Jiratawa ya aika wa dillalinsa na Tibiri saƙon murya ta WhatsApp, yana tambayar kuɗin buhun zogale. Tsakaninsu tafiyar ƴan mintoci ce a kan babur. Amma saƙon ba ya bin wannan gajeriyar hanya. Daga waya zai hau iska zuwa eriya mafi kusa. Daga nan, ko nan take ko bayan ya yi tsalle kan wasu eriyoyin, sai a mayar da shi haske, a zura shi cikin wani zaren gilashi da aka binne a ƙasa, wanda muke kira fibar. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyinsa ita ce ta yamma: Konni, Dosso, Gaya, ya ƙetare kogi zuwa Malanbil, ya gangara Kotonu, ya faɗa teku, ya je har inda kwamfutocin kamfanin suke, sannan ya dawo ya sami mutumin Tibiri. Haske a cikin gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a sakan guda. Maraɗi zuwa Yamai, da muke wuni a mota, shi ko ƙiftawar ido ba ta kai ba ya isa.

Kafin mu zo nan an sha tafiya. Zamanin da Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 bayan yaƙin Gawakuke, saƙo tsakanin fada da fada a bakin manzo yake, bisa doki, ko a takarda cikin gafaka. Turawan Faransa suka zo da wayar tangarahu kan turaku. Bayan samun ƴanci gidan waya na gwamnati ya riƙe wasiƙa da tarho gaba ɗaya, har 1997 da aka ware sashen tarho aka kafa Sonitel. Manyanmu ba su manta da layin telesantar ba, inda mutum ke magana yana kallon agogo kamar mai tsaron tukunya. A 2001 salula ta shigo da Celtel, wanda ya koma Zain, ya koma Airtel. Sauran kamfanoni suka biyo. Wata mai bincike ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ƴan kasuwar gero na garin nan ba sai an karanta musu rahoto ba, a aljihunsu suka ji. Fibar kuwa ta fara haɗa Yamai da iyakar Benin, daga baya aka ja ta gabas tana bin gefen babbar kwalta har Maraɗi da Damagaram. A 2016 aka haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Télécoms. A ƙarshen shekarar kuma Bankin Raya Afirka ya amince da kuɗin aikin fibar da za ta ratsa Sahara, mai fiye da kilomita 1,000 a ɓangaren Nijar, ciki har da reshen Damagaram zuwa Magariya da iyakar Najeriya, da na Arlit zuwa Assamaka da iyakar Aljeriya.

Wannan tarihin igiya ke nan, kuma an fi saninsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne: wa ke kunna hasken, wa ke rubuta saƙo a kansa, wa ke karanta shi a ɗaya bakin?

Mu ɗan koma baya. Duk wanda ya taɓa tsoma ludayi cikin bokitin ruwa ya ga kamar ya karye. Ba ludayin ne ya karye ba, haske ne ke canza hanya idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Tun shekarar 984 wani masani a Bagadaza, Ibn Sahl, ya rubuta lissafin wannan karyewa, bayansa Ibnul Haisam ya yi babban littafinsa kan gani da haske a Alƙahira. Daga wannan ilimi ne aka fahimci wani abin mamaki: idan haske yana cikin ruwa ko gilashi, ya zo bakin fita a kaikaice ƙwarai, ba ya fita, sai ya dawo ciki gaba ɗaya kamar ya daki madubi. A 1842 wani malami a Janeba, Daniel Colladon, ya wallafa bayanin gwajin da ya yi: ya huda tankin ruwa, ya haska fitila ta bayan hudar, sai ga haske yana bin ruwan da ke tsartuwa, yana lanƙwasa tare da shi har ƙasa. Ashe haske ma ana iya yi masa magudana.

Sai dai an fi shekara ɗari abin bai wuce na kallo da ƴan ƙananan ayyuka ba, don gilashi yana shanye haske. Mafi kyawun zaren gilashi na farkon shekarun 1960, in ka zura masa haske, kafin mita 20 kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage. A 1966 Charles Kao, haifaffen Shanghai da ke aiki a Ingila, shi da abokin aikinsa George Hockham, suka ce laifin ba na gilashi ba ne, na dattin da ke cikinsa ne, musamman ɓurɓushin ƙarfe. In an tace shi har kashi ɗaya cikin ɗari ya iya kai kilomita guda, to za a iya aika saƙo da shi. A 1970 mutum uku a kamfanin Corning na Amurka, Maurer, Keck da Schultz, suka cim ma hakan. Fibar ta yau ta wuce nan nesa: sai haske ya yi kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya ɓace. Wato daga Maraɗi ya isa Tibiri da fiye da rabin ƙarfinsa. Kao ya karɓi kyautar Nobel a 2009. A cikin labarin akwai ɗan Afirka ta Yamma, injiniya Thomas Mensah na Kumasi, wanda a shekarun 1980 a Corning ya yi aiki kan yadda za a riƙa jan zaren da sauri, abin da ya taimaka kuɗinsa ya sauko.

A wannan shekara ta 1970 dai aka samu fitilar da ta dace da zaren. Leza ta farko an yi ta a 1960, ta cikin ɗan dutsen lantarki kuma a 1962, amma waɗannan na biyun sai an sanyaya su ƙwarai suke aiki. Ƙungiyar Zhores Alferov a Leningrad, da Hayashi da Panish a ɗakunan binciken Bell na Amurka, su suka fitar da ƴar leza mai girman ƙwayar yashi da ke ci ba tsayawa a zafin ɗaki.

Yanzu ga zare, ga fitila. Matsalar da ta rage ita ce tsakaninsu. A wancan lokaci duk mai son sarrafa haske, ya raba shi, ya tace shi, ya kunna ya kashe, sai ya jera madubai da gilasan ƙara gani bisa wani ƙaton tebur na ƙarfe, kowanne da ƙusoshin saiti. Mota ta wuce a titi, saiti ya goce. Zafi ya ƙaru, ya goce. Ku ƙiyasta irin wannan tebur a Maraɗi cikin watan Afrilu, ko ranar da hunturu ya taso da ƙura. A 1969 wani injiniyan Bell mai suna Stewart Miller ya wallafa maƙalar da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni. Shawararsa: a daina barin haske yana yawo cikin iska daga madubi zuwa madubi. A sassaƙa masa hanyoyi a kan ɗan faranti guda, komai a manne, yadda aka riga aka yi wa lantarki a cikin pus.

Mutanen Jiratawa za su fi kowa saurin gane wannan. Mai garkar gargajiya yana jan ruwa da guga, ya ɗauka ya kai wa kowace fangali, rabi ya zube a hanya. Da aka shimfiɗa filin noman rani na Jiratawa a farkon shekarun 1980, hekta 500 da ƴan kai, sai aka yi foraj, aka sa famfo mai aiki da kuran, aka gina kanal. Ruwa ya fito wuri ɗaya, babban kanal ya ɗauke shi, ya rabu zuwa ƙanana, kowane da ƙofarsa, har ya isa gonar mutum. An tsara hanyar sau ɗaya, an gina ta, ruwa ba shi da zaɓi sai ya bi. To haka Miller ya so a yi wa haske. Leza ita ce foraj. Magudanar haske ita ce kanal: wani siririn layi na abin da ke riƙe haske, kewaye da wani abin da ke mayar da shi ciki duk lokacin da ya so fita. Sauran kayan duk ƙofofi ne da mararraba.

Mafi sauƙi cikinsu shi ne marabi. Magudana ɗaya ta rabu biyu kamar reshen itace, biyu su zama huɗu, huɗu takwas, har 32 ko 64. Duk inda kuka ga an ja fibar guda an raba wa ofisoshi ko gidaje da yawa, akwai irin wannan ɗan faranti a cikin akwatin, ba ya cin kuran, ba ya motsi, rabon haske kawai yake yi.

Na biyu ya fi shi dabara. Haske launi-launi ne, kuma launuka ba sa damun juna in sun haɗu a zare ɗaya. Don haka ana iya ɗora wa kowane launi nasa saƙon, a tura 40 ko 80 cikin zare guda. Amma a ɗaya bakin wa zai tsince su? A 1988 Meint Smit, a jami'ar Delft ta Holan, ya fito da tsari: a raba hasken cikin magudanai masu yawa da ke jere, kowace ta ɗara maƙwabciyarta tsawo da ɗan kaɗan, sannan a sake haɗa su. Saboda bambancin tsawon nan, kowane launi sai ya fito ta ƙofarsa daban. Masu bincike a Japan da Amurka suka ƙara gyara shi a farkon shekarun 1990. A ganinmu, a duk labarin nan babu abin da ya fi wannan amfani ga ƙasa irin tamu. Tonon rami na ɗaruruwan kilomita shi ne mai cin kuɗi. Da wannan dabara, zaren da aka binne shekaru goma da suka wuce ana iya ninka abin da yake ɗauka ba tare da an sake ɗaga diga ba, na'urorin baki biyu kawai za a canza.

Na uku shi ne mai rubutu. Saƙo a wurin na'ura ba kome ba ne illa akwai da babu, haske da duhu. Ana raba haske gida biyu, a sa wa reshe ɗaya ɗan lantarki da zai jinkirta shi kaɗan, a sake haɗa su. In sun iso da taki ɗaya sai su ƙarfafa juna, haske ya fito. In ɗaya ya saɓa wa ɗaya sai su kashe juna, kamar mutum biyu da ke jan igiya ɗaya, wannan gabas wancan yamma. Ana wannan buɗewa da rufewa sau miliyar goma-goma a sakan guda. Muryar mahaifiyarka da ke ce maka ka turo kuɗin cefane, haka ake rubuta ta.

Da me ake gina magudanar? Nan ne aka daɗe ana gardama. An yi ta da gilashi, an yi da wasu duwatsu na musamman. A tsakiyar shekarun 1980 wani masani a Amurka, Richard Soref, ya ce me zai hana a yi da silikon, abin da ake yin pus na kwamfuta da shi? A ido silikon toka-toka ne, ba a ganin kome ta cikinsa. Amma hasken da ake sadarwa da shi ba irin wanda ido ke gani ba ne, yana can gaba da ja, kuma shi yana ratsa silikon kamar yadda rana ke ratsa gilashin taga. Bugu da ƙari silikon yana riƙe haske da ƙarfi fiye da gilashi sosai, don haka magudanarsa tana iya zama ƴar mitsitsiya. Ga awo, don ku ji: a raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ne mikron. Gashin kai yana kai mikron 70. Zaren fibar mikron 125 ne, cibiyarsa da haske ke bi kuwa mikron 9. Magudanar silikon faɗinta rabin mikron ne, tsayinta bai kai rubu'in mikron ba. Fiye da ɗari za su jeru a faɗin gashi ɗaya.

Amma silikon yana da aibi babba: ba ya haifar da haske. Kanal ne mai kyau, ba foraj ba ne. Fitila sai an yi ta da wani haɗi na indiyom da fosfor. Don haka aka rabu hanya biyu. Wasu suka gina komai a kan wannan haɗin mai tsada. Tsakanin 2004 da 2005 kamfanin Infinera ya fitar da pus mai leza goma a jere, wanda ke tura gigabit 100 a sakan. Wasu suka tsaya kan silikon suna neman yadda za su liƙa masa fitila. A 2006 Intel da jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara suka nuna leza da aka manne a kan silikon, a 2016 kuma Intel ta fara sayar da irin waɗannan na'urori da yawa. Daga maƙalar Miller zuwa nan shekara 47 ke nan. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, su kam dutsen suka dafa a zahiri.

Yadda ake ƙera shi kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu buga rubutu a riguna da tutocin biki a garin nan ya ga tushen aikin. Suna shafa wa ƙyallen tata wani magani mai jin haske, su ɗora zanen da aka buga a farar leda, su shanya a rana ko ƙarƙashin fitila, su wanke. Inda haske ya taɓa ya daskare, inda zane ya rufe ya wanke, hoton ya fito. A masana'antar pus haka ake yi, sai dai awon ya bambanta. Ana ɗauko faifan silikon, zagayayye kamar faifan rufe ƙwarya, faɗinsa santimita 20 ko 30, mai hawa uku: silikon a ƙasa, siririn gilashi a tsakiya, sai wani silikon mai matuƙar sirantaka a sama. A shafa maganin, a haska zanen magudanai da wani haske mai ƙarfi, a wanke, sannan a sa iskar gas mai cin silikon ta cinye duk inda ba a rufe ba. Abin da ya rage shi ne magudanai. A lulluɓe su da gilashi, a dasa sinadarai inda mai rubutu zai zauna, a tsiro da jamaniyom inda za a karanta haske a mayar da shi lantarki, a ja wayoyin ƙarfe a sama. Matakai ne masu yawa, ana yin watanni kafin faifai ɗaya ya gama, sannan a yanka shi ɗaruruwa.

Wahalar tana wuri biyu. Na farko bangon magudana. In kanal ya tsattsage ruwa yana yoyo. In bangon magudanar haske yana da kaushi, ko da na ƴan ƙwayoyin zarra ne, haske yana watsewa. Shi ya sa hasken da ke yin kilomita 15 cikin fibar kafin ya rasa rabinsa, a cikin magudanar silikon santimita 2 ko 3 sun ishe shi ya rasa hakan. Sa'ar dai tafiyar gajeriya ce. Ƙura ɗaya tal ta faɗa kan faifai lokacin aiki, pus ɗin wurin ya tashi aiki, don haka ma'aikata ke shiga cikin fararen kaya daga kai har ƙafa, a ɗakin da ake tace iskarsa ba dare ba rana. Na biyu shi ne haɗa baki da baki: cibiyar fibar mikron 9, magudana rabin mikron. Kamar a ce ka juye ruwan babban kanal cikin karan dawa ba tare da ya zube ba. Ana yin wasu ƴan mazurai na musamman a kan pus ɗin, kuma saita su da liƙa su yana cikin abin da ya fi cin kuɗi a na'urar baki ɗaya.

To, ina muke a cikin wannan? Gaskiya ɗaya ce: a bakin igiya muke, muna saye. Ƴan na'urorin nan masu girman ɗan yatsa da ake cusawa cikin akwatunan kamfanonin waya, a gindin eriya da ɗakunan injuna, duk daga waje suke zuwa. Ana ƙera pus ɗinsu a ƙasashe ƙalilan, irin su Taiwan, Amurka, Sin, Japan da Singapo. Injunan haska zane mafi inganci kamfani ɗaya ne a Holan, ASML, ya fi kowa yin su. Ma'adanan ma sun zama makamin siyasa: daga Agustan 2023 Sin ta sa sharuɗɗa kan fitar da galiyom da jamaniyom, a Fabrairun 2025 ta ƙara da kayan indiyom. Wani zai ce ai silikon daga yashi ake samunsa, ga shi nan tuli a Gulbi tifofi na kwasa. Haka ne, asalinsu ɗaya, amma sai an tace shi har dattin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin miliyar ba. Masana'antar pus ta zamani guda ɗaya tana cin dalar Amurka miliyar 10 zuwa 20, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuɗin da ya fi kasafin ƙasarmu na shekara. Duk wanda ya ce muku gobe za a gina irinta a hanyar Dan Isa, ku yi masa addu'a kawai.

Amma ƙira daban, zane daban. Yawancin masu tsara magudanan haske a duniya ba su da masana'anta. A kwamfuta suke zana su, har da manhajoji na kyauta irin su KLayout, su aika da zanen. Cibiyoyi kamar imec a Beljiyam, Leti a Grenoble ta Faransa da AMF a Singapo suna tara zanen jami'o'i da ƙananan kamfanoni da yawa a faifai ɗaya, kowa ya biya kuɗin gurbinsa, daidai yadda ƙananan ƴan kasuwarmu ke haɗa kaya a tirela ɗaya daga Kotonu. Ba araha ba ne, amma kuɗin aikin bincike ne, ba na gina masana'anta ba. Abin da ake buƙata shi ne lissafi, ilimin haske, kwamfuta, da kuran da ba ya yawan ɗaukewa. Na ƙarshen nan mun san zafinsa, tun ba ma daga Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ba, har zuwa Maris 2024.

Kuma ilimin haske ba baƙo ba ne a jahar nan. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929. Rayuwarsa ta bincike a kan hasken rana ya yi ta, yadda za a tattara shi da madubi a mayar da shi zafi da ƙarfi. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da rana tun duniya ba ta damu da zancen ba. Jami'armu ta Maraɗi kuwa sunan Dan Dicko Dankoulodo take ɗauke da shi, malamin kimiyya da ya yi ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu magana da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Tana da tsangayar kimiyya da fasaha. Ba mu ga abin da zai hana ɗalibin da ya iya lissafin Ibn Sahl ya zauna ya zana marabin haske ba, in an samu malamin da zai ja shi da ƙawance da wata cibiya a waje. Kafin a kai can ma akwai aikin da ke ƙasa yanzu: masu walda fibar, waɗanda ke haɗa zare biyu da na'ura har cibiya ta dace da cibiya, da masu auna layi su faɗi a kilomita nawa ya tsinke. Sana'a ce mai ci, kuma kowace sabuwar igiya da aka binne tana ƙara buƙatarta.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya shafi kowa, har wanda bai taɓa shiga lakwal ba. Igiyar nan a gefen hanyoyinmu take kwance, wani wuri kusa da gonaki, wani wuri ƙarƙashin inda ake shirin tona harsashen shago ko lambatu. Wanda zai yi tono kusa da kwalta ya duba alamun da aka kafa, ya tambaya kafin ya sa diga. Masu sarar ta da dare suna neman tagulla kuma su sani babu tagulla a cikin zaren, gilashi ne da roba, ɗan gwangwan ba zai ba su ko dala a kansa ba, amma sara ɗaya yana iya tsayar da banki, asibiti da masu tura kuɗi na gari guda har sai an gano wurin an yi walda. In kuma yara suka tsinto guntun fibar da ya fito daga ƙasa, a hana su wasa da shi: tsinken gilashin yana shiga fata ya karye a ciki. Kada kuma kowa ya kai bakin igiyar da ta tsinke kusa da idonsa don ya leƙa. Hasken da ke ciki ba a ganinsa, ido ba zai ƙifta ya kare kansa ba, kuma in layin yana aiki yana iya yi wa gani lahani. A rufe wurin, a sa alama, a sanar da ofishin kamfanin waya mafi kusa ko mai unguwa.